Wankin Ranar Asabar

Ledar ta yage ne a daidai lokacin da Mai Awo ya ɗago ta daga cikin durom. Ko ƙara ba ta yi ba. Gindinta ne kawai ya buɗe, farin garin ya kwararo masa a ƙirji, ya cika aljihun rigar aikinsa, ya shige naɗin hannun rigar, ragowar ya bazu a kan tayil kamar an ɓarar da hodar jarirai. Wata siririyar ƙura fara ta tashi ta tsaya ƙarƙashin fitila tana neman inda za ta bi. Injin zuƙe iskar da ke saman sikeli ya daɗe da mutuwa. Tun bara ake jiran kayan gyaransa, kuma a kamfanin nan jira ma aiki ne.

"Shi ke nan," in ji Dogo, mai turo kwalabe, yana ja da baya. "Mai Awo ya yi wanka da dukiyar kamfani. Yau duk gidan nan ba wanda ya kai ka tsada, har da Manaja."

Mai Awo bai yi dariya ba. Ɗaci ya riga ya sauka masa a maƙoshi ta cikin ƙyallen da ya ɗaure hancinsa da shi. Takunkuman gaske, masu tace iska, suna nan cikin kabad ɗin gilashi a bakin ƙofa, a jere, a kulle, kamar kofunan da ake ajiye wa baƙi. Baƙin su ne masu duba kamfanonin magani, kuma ranar Litinin ake sa ran zuwansu.

Manaja ya iso ya tsaya daga waje da hankici a hanci. Mutum ne mai matuƙar kula da lafiya, musamman tasa.

"Kada wanda ya kuskura ya zuba ruwa! Ku kwashe min shi tas. Kun san daga inda ake kawo garin nan?"

Malama mai haɗa magani ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. Ba ta daɗe da gama karatu ba, har yanzu tana zaton abin da ke littafi shi ake yi.

"Yallaɓai, ƙa'ida ita ce a jiƙa tsumma a goge, a ƙulle a zubar. Shara tayar da shi za ta yi."

"Malama, ƙa'ida ranar Litinin za ta zo. Yau Juma'a."

Da kwali da burushi suka kwashe shi. Kafin su gama, ƙasa ta fara juya wa Mai Awo. Ya fita ya zauna a kan matakala, Malamar ta biyo shi ta kama tsintsiyar hannunsa tana duban agogo.

"Zuciyarka ta rage gudu. Zauna ka sha iska." Ta rage murya. "Ka san abin da kake aunawa kuwa? Maganin hawan jinin ido ne, ba laifi. Amma wanda ke cikin kwalba ɗan mitsitsi ne a narke cikin ruwa mai yawa. Wannan tsantsarsa ce. In ya shiga jini yana kwantar da zuciya, yana matse hanyar numfashi. Kana da asma?"

"A'a."

"To alhamdulillahi. Mai asma ko kusa kada ya zo. In abin ya kama shi, abin shaƙarsa ma ba lallai ya amsa masa ba."

Ta sake shi ta koma ɗakinta. Ta yi tambayar da aka koya mata, a kan mutumin da ke gabanta. Ba a koya mata cewa rigar aiki ma tana zuwa gida ba.

Mai Awo ya daɗe a zaune yana kallon aljihunsa. Da aka tashi, sai ya tari Manaja a bakin mota.

"Ranka ya daɗe, rigar nan, ko in bar ta a nan?"

"Ka bar wa wa? Ni zan wanke maka? Injin wanki ya lalace, kai ma ka sani. Litinin ina son in ga kowa fari fat. Gobe kuma da sassafe kowa ya zo fenti, kuma na gaya wa maigadi, ko tsumma mai datti kada ya bari a shigo min da shi."

* * *

A cikin bas ya ɗora ledar a gwiwa, ya ƙulle bakinta ya sake ƙullewa. Lissafin da ya ƙi yi a kan matakala ya biyo shi har kujerarsa.

Matarsa tana da asma tun tana yarinya, amma da can sai lokacin sanyi take leƙo ta, ta gaishe ta ta wuce. Shekara biyu ke nan abin ya zauna daram. Shekara biyu ke nan kuma da injin wankin kamfani ya mutu aka ce kowa ya riƙa tafiya da rigarsa gida. Kuma ciwon ba ya tashi sai Asabar.

Asabar ɗin ya lura da ita tun tuni, ai ba wawa ba ne. Sai dai ya samo mata mai laifi. A gidan hayar da suke akwai Mai Tuya, bazawarar da ke ƙofar da ke kallon tasu, wadda ke hura gawayi a tsakar gida tana soya abin sayarwa, kuma Asabar ce ranar cinikinta. Ya yi faɗa da ita har gaban mai gidan. Ya kira ta mai kashe mutane da hayaƙi. Shekara guda ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Sannan ya kafa wa matarsa doka, irin ta miji mai tausayi: daga yau wanki a cikin ɗaki, a rufe ƙofa, a rufe taga. Shi da hannunsa ya toshe ramukan tagar da tsumma, ya tsaya yana kallon aikinsa yana jin daɗi.

Ita kuwa, kamar kowace macen da ta iya wanki, ba ta jiƙa riga sai ta juya aljihu, ta warware naɗin hannu, ta kakkaɓe ta da ƙarfi.

Da ya isa gida, ya tarar da matarsa a bakin ƙofa tana gyaran fitilar caji.

"Sannu da zuwa, Likita. Yau fuskar kamar an hana ka hutu."

Likita suke ce masa a gidan, saboda farar rigar da take shanyawa a igiya duk Asabar da yamma, can a sama inda kowa zai gani. Ba ta taɓa cewa likita ne ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba likita ba ne.

Ta miƙa hannu za ta karɓi ledar, ya ɗaga ta sama.

"Wannan ba ke za ki wanke ba."

"Ikon Allah. Wata aka samu da ta fi ni iya cuɗa?"

"Mai wankin bakin titi zan kai wa gobe in na dawo."

"Mai wanki? Da raina? Wancan da ke karɓar fari ya dawo da ruwan ƙasa?" Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da ɗan siririn fito daga ƙirjinta. "So kake matan gidan nan su samu abin taunawa na wata guda. Matar Likita ta kasa wanke riga ɗaya."

"'Yar Inna, ki ji ni. Magani ya zube a jikinta. Yana da illa."

"Wane maganin?"

"Na ido."

"Na ido!" Ta tafa hannu. "Irin na Inna? Ni da nake zuwa kullum ina ɗiga mata shi da hannuna, in danna mata gefen ido kamar yadda aka nuna min a asibiti? Abin da ake zuba wa tsohuwa a ido shi ne zai cinye ni a riga? Ido fa, Likita. Akwai abin da ya kai ido rashin haƙuri?"

Nan ne ya kamata ya zauna ya faɗa mata komai. Bakinsa ya buɗe ma. Amma komai ɗin yana da tsawo. Sai ya ce mata ba hayaƙin Mai Tuya ba ne, shi ne. Sai ya ce mata tagar da ya toshe, shi ya toshe mata numfashi. Kuma ya san abin da za ta ce: ka bar aikin. Bayan nan sai a zo kan 'yarsu da ke makarantar kwana, da haya, da shi kansa abin shaƙar da albashin wannan garin ke saye. Mutum yana iya ɗaukar buhu a ka ya haye tudu, magana ɗaya ta gagare shi.

"Na dai ce kada ki taɓa," ya ce, da muryar masu gida.

Ya taka kujera ya tura ledar can saman wadirof, inda hannunta ba ya kaiwa. Yana saukowa tunanin mai wankin ya gilma masa, shi ma mutum ne mai huhu. Ya kore shi kamar ƙuda.

"To, ranka ya daɗe," ta ce. "An ji."

Yadda ta faɗe shi, ya san irin jin. Sai ya lallashi kansa cewa kafin azahar ya dawo.

* * *

Yana durƙushe yana zana layi da fenti mai ruwan ɗorawa a ƙofar ɗakin awo, layin da aka ce daga nan ba mai wucewa sai da takunkumi, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar kuwa ya san ta, duk da ya shekara bai ji ta kira shi ba.

"Likita, Mai Tuya ce. Ka zo babban asibiti. Matarka ce."

Bai tuna ya ajiye burushin ba sai a cikin mota, da ya ga direba na hararar hannunsa.

Mai Tuya tana tsaye a baranda, zaninta jiƙe da ruwan sabulu. Ta tare shi tana magana ba tsayawa. Ita dai ta hura wutarta, sai ta ga matarsa ta ja ƙofa ta rufe kamar kullum. Can sai ta ji baho ya kife. Ta buga ƙofa, shiru, sai wani sauti kamar ana busa ƙaramin usur. Ta yi ihu maza suka ɓalle sakatar. Suka same ta a ƙasa kusa da kujera, tana ta danna abin shaƙa a baki, tana dannawa, tana dannawa.

"Kujera?" ya ce.

"A gindin wadirof."

Cikin ɗakin asibitin, an rufe wa matarsa fuska da robar iska. Leɓɓanta sun yi duhu. Kafaɗunta suna hawa suna sauka kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, gugar kuma tana fitowa wayam. Likitar asibitin, mace mai gajiya a ido, ta juyo.

"Kai ne mijin? Mun ba ta abin da muke ba masu asma, ƙirjin ya ƙi buɗewa. Kuma zuciyarta maimakon ta yi sauri, ja da baya take yi. Ta sha wani magani? Na hawan jini? Na wani?"

"Ba sha ta yi ba. Shaƙa ta yi."

Ya faɗi sunan da yake karantawa kullum a jikin durom, timolol, a ƙarƙashin alamar gargaɗi, hoton mutum mai fashewar tauraro a ƙirji. Shekaru yana kallon hoton nan, bai taɓa tambayar ƙirjin wa aka zana ba. Ya faɗi ledar, ya faɗi rigar, ya faɗi tagar.

Likitar ta dube shi, ta dubi fentin da ke hannunsa, ta daka wa nas kira a kawo wata allura.

"Da tun da aka kawo ta mun san haka," ta fara, sai ta haɗiye sauran. Tana da kirki.

Aka bar shi ya tsaya a gefen gadon. Matarsa ta buɗe ido ta same shi. Leɓɓanta suka motsa a ƙarƙashin robar, ya sunkuya har kunnensa ya taɓa ta.

"Kada ka yi faɗa," ta ce.

Ba ta ƙara ba. Aka fitar da shi. Ya zauna a benci yana kallon ƙofar, fentin yana bushewa a yatsunsa yana tsagewa. Kafin la'asar likitar ta fito a hankali, tafiyar da ba ta bukatar fassara.

* * *

Ranar Talata da yamma masu ta'aziyya sun ragu. 'Yarsu, da aka ɗauko daga makaranta, tana ciki ta juya wa bango fuska. Dogo ya zo, ya yi addu'a, ya zauna a gefen tabarma yana murza hula.

"Ya aka ƙare da baƙin?" Mai Awo ya tambaya.

"An yaba mana," in ji Dogo, yana kallon ƙasa. "Sun ce layin da ka zana ya yi kyau. Har hoto aka ɗauke mu da takunkumi. Wallahi da daɗin numfashi, ashe. Kafin motarsu ta fita get an bi mu an karɓe."

"Malama fa?"

"Ta yi kuka da ta ji. Ta shiga ofishin Manaja, ta fito ta koma kan aikinta. Shi kuma ya ce a gaishe ka, a ce maka asma daga Allah take, kada ka saurari masu zuga. In ka huta ka dawo, wurinka na nan." Ya ƙara murza hular. "Ya ce kuma, in da hali, rigar. Wai kayan kamfani ce."

"Wa ke awo yanzu?"

"Ni."

Mai Awo ya dube shi. Dogo yana da yara ƙanana, suna kwana ɗaki ɗaya da uwarsu.

"Dogo, kada ka kai rigar gida."

"To in kai ta ina, yaya?"

Dogo ya sa hularsa, ya yi sallama ya tafi.

Tsakar gidan ta yi tsit, iskarta fes. Tun ranar Asabar Mai Tuya ba ta sake hura wuta ba, kaskonta na kife a jikin bango. Ta taso daga ƙofarta ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa.

"Likita, ka yafe min. Ka sha gaya min, ban ji ba. Hayaƙina ne."

"Ba hayaƙinki ba ne, baiwar Allah. Ki hura wutarki."

"Allah ya saka maka da wannan maganar," ta ce tana share ido da bakin mayafi. Ta ɗauka karamci ne. "Ba ni da abin da zan kawo. Sai na ga wankin da ta bari a ƙasa ya jiƙe, na ce bari in ƙarasa mata. Na sa mata bula yadda take yi."

Ta nuna da haɓa. Rigar tana can a igiya, a sama, inda kowa zai gani. Fara fat. An juya aljihunta waje.

Yana kallon ta ne ya ji an taɓa masa gwiwa. Inna ce, surukarsa, ta lallabo daga ɗaki da sandarta tana laluben hanya. Ciwon ya riga ya cinye mata gefe-gefen gani, saura ɗan abin da ke tsakiya, kamar mai leƙe ta hujin ƙofa. Ta zauna kusa da shi, ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙaramar kwalba.

"Ɗana, tun ranar ba a sa min ba. Ita ke sa min. Sun ce in na yi fashi, sauran ma tafiya zai yi." Ta lalubo tafinsa ta danƙa masa. "Kai da kake yin sa ai ka fi kowa iyawa."

Ya juya kwalbar. Tambarin kamfaninsu ne. Wataƙila ma awonsa ne.

Inna ta ɗaga fuska sama ta buɗe ido tana jira, kamar yaro mai jiran ruwan sama. Ya tallafi haɓarta da hannun hagu. Da hannun dama ya matsa kwalbar. Ɗigo ɗaya ya faɗa.

"Danna min nan," ta ce, ta kama yatsansa ta ɗora a gefen idonta kusa da hanci. "Haka take yi. Ta ce don kada ya gangara cikin jiki."

Ya danna. Ragowar ruwan ya taru a fatar idon, ya biyo kuncin tsohuwar a hankali. A bayanta iska ta shiga rigar da ke igiya, ƙirjin rigar ya cika, ya sauka, ya sake cika.